Fatarin Doña Basilia

Tun ƙarfe shida na safe Lizeth Yujra ta kasa zama wuri ɗaya. Ta goge teburinta sau biyu, ta jera silifas ɗin roba bisa lamba, ta wargaza ta sake jerawa, ta leƙa ɗakin sirace ta duba zafinsa, ta fito ta manta abin da ta gani, ta koma. Ranar Laraba ce. Jibi Juma'a watanninta uku na gwaji za su cika a wannan gidan motsa jiki na unguwar Calacoto ta masu kuɗin birnin La Paz, kuma su biyu ake gwadawa, gurbin aikin ɗaya ne.

Ɓangaren mata aka damƙa mata: ɗakin canza kaya, wuraren wanka, sai ɗakin siracen nan da matan ƙasan gari suke ji da shi kamar ɗakin ibada. Mu da muka tashi a El Alto, can saman dutse, mun daɗe muna mamakin mutanen nan. Mace ta biya kuɗi masu nauyi don a bar ta ta yi gumi, sannan a kafa mata dokar yadda za ta yi gumin, ita kuma ta yi ta alfahari da dokar. A jikin ƙofar katako an manna takarda, kuma Lizeth ce da hannunta ta buga ta a na'ura ta liƙa: kayan ninkaya kawai. Ba a shiga da kayan motsa jiki, ba a shiga da takalmi, ba a shiga tsirara, kuma a shimfiɗa tawul kafin a zauna.

Takardar ma ba haka kawai ta zo ba. Makon da ya wuce wata yarinya ta sauko daga injin gudu, jiƙe da gumi, ta faɗa ɗakin da wandonta da takalmanta. Señora Chela na ciki. Señora Chela kuwa tana zuwa gidan nan tun ranar da aka buɗe shi, ƙarfe goma daidai, kuma irin matan nan ce da in ta yi tari manaja kan aiko mata da ruwa. Ranar sai da muryarta ta kai titi. Da ƙura ta lafa, manaja Ximena ta kira Lizeth ofis, ta yi mata magana da wannan taushin muryar da ya fi tsawa ban tsoro.

"Ɗakin nan naki ne, Lizeth. Ina son aikinki, kin sani. Amma in Señora Chela ta sake kawo mini ƙara a rubuce kafin Juma'a, hannuna a ɗaure yake."

Shi ya sa yau ta kasa zama. Aikin nan ba tsayuwa a gefen titi ba ne. Akwai albashi duk wata, akwai asibiti, akwai hutun shekara, akwai rufi a kanka lokacin da ƙanƙara ke zuba. Ta san gefen titi sarai, a nan ta girma, a gindin tukunyar api, kunun masara mai zafi, da kaskon suyar mahaifiyarta, Doña Basilia, a kasuwar Ceja. A nan wurin aiki, da aka tambaye ta sana'ar mahaifiyarta, cewa ta yi 'yar kasuwa ce. Ba ƙarya ta yi ba. Ta dai tsaya a daidai inda gaskiyar ba za ta dame ta ba.

Goma saura kwata tawul ya ƙare, ta sauka ɗakin wanki ta ɗauko. Injin busarwa bai gama ba, ta tsaya tana bubbuga ƙafa, tana duba agogo, tana cizon farce. Minti ashirin ta ɓata a can. Ta hau bene da gudu, tawul har haɓarta, ta tura ƙofar ɗakin canza kaya da kafaɗa.

Nan ta tsaya cik.

A jikin ƙugiyar da ake rataye jaka, wani ƙaton buje ne mai hawa-hawa, ruwan goro, ya bazu ya cinye rabin benci. Loka ta ƙi ɗaukar sa, domin an ƙera lokokin gidan nan don wandon roba da kwalbar ruwa. A kansa an ninke mayafi mai geza, a saman mayafin kuma malfa ce baƙa, zagayayya, an ajiye ta a tsanake. Gefen malfar akwai ɗan tabon mai da Lizeth ta sha gogewa da burushi ya ƙi fita.

Malfar mahaifiyarta ce. Katin baƙo! An raba wa ma'aikata ɗaya ɗaya a watan jiya, na shiga kyauta sau guda, ita kuma ta jefa nata a kan talabijin a gida ta manta. Ashe akwai wadda ba ta manta ba.

Ba ta ko ajiye tawul ɗin ba aka banko ƙofar da ke fita barandar gilashi, Señora Chela ta shigo cikin baƙaƙen kayan ninkayarta, fuska ja wur, gashi a naɗe.

"Ke yarinya! Ina kika shiga? Wasa kike yi da ni ko?"

"Ina kwana, Señora. Wanki na je ɗauk…"

"Akwai wata mata a ciki da fatari! Fatari, kin ji ni? Hawa biyu ma. Da rigar sanyi a sama. Ta hau bencin sama, wurina, ta miƙe ƙafa kamar a tsakar gidan kakarta, har tana tambayata ko ni ma gwiwa ce ta kawo ni. Ni! Kira mini Ximena."

"Señora, don Allah bari in yi mata magana, minti biyu kawai, yanzu za ta…"

"Ba ke na ce ki yi magana ba. Bari, ni na san hanyar ofis."

Ta fizgi tawul ɗaya daga hannun Lizeth, sauran suka zube ƙasa, ta yafa ta fice. Lizeth ta durƙusa za ta kwashe, ta fasa, ta miƙe, ta nufi ƙofar fita, ta dawo. Zuciyarta ta ce ta gudu banɗaki ta kulle kanta har a gama. Ta ce ta kira wayar uwar, sai ta tuna wayar na cikin aljihun bujen nan da ke rataye. A ƙarshe ta kama hanyar barandar, wadda bangonta gilashi ne tun daga sama har ƙasa, mazan da ke ɗaga ƙarfe a babban zaure suna ganin duk mai wucewa. A bakin ƙofar katako ta tuɓe takalmanta, don ko a wannan hali dokar ta shiga jikinta.

Zafi ya mare ta a fuska. Can a bencin sama, Doña Basilia na zaune ita kaɗai, farin fatarinta mai leshi a baki ya sauko har ƙauri, kitsonta biyu a ɗaure bisa kai, tana murza gwiwa da tafin hannu, fuskarta sai sheƙi take yi don jin daɗi.

"A'a, ga ma'aikaciyar gwamnati!" ta ce da Aymaranci, yarensu na gida, tana dariya. "Zo ki gani, 'yar nan. Wannan ne siracen naku? Ba ganyen turare, ba tururi, ba komai, a bushe kamar tandar burodi. Da na sani da na zo da ganyena. Amma fa gwiwar ta ji, wallahi ta ji."

"Mami, me kike yi a nan?"

"Rawa nake yi. Me kika ga ina yi? Katin ya kusa mutuwa, ƙaninki ya karanta mini kwanan wata. Na ce abin kyauta ba zai lalace a gidana ba. Na bar wa ƙawata Tomasa tukunya, na hau motar igiya, mai tafiya a sararin sama, na sauko. Kin ga La Paz daga sama yau? Tsaf."

"Mami, ba a shiga nan da fatari."

"In ji wa?"

"A rubuce yake a ƙofa."

"To ai shi ke nan, ni ban iya karatu ba, bai same ni ba." Ta sake yin dariya, ta shafa leshin. "Shekara talatin ina shiga sirace a Ceja da wannan. Ni da Tomasa da matar mai gidan ma. Jiya na wanke shi, na shanya a rana, na goge. Ki shinshina. Ya fi tsabta a kan igiyoyin da matan nan ke ɗaurawa. Waccan mai jan fuskar, da jikokinta da komai, cinya a waje. Tausayi ta ba ni, na ce ko in ara mata hawa ɗaya."

Gumi ya fara bin bayan Lizeth a cikin rigar aiki. Tana jin kunnenta na sauraron baranda, kowane motsi sai ta ɗauka takun Ximena ne.

"Mami, don girman Allah ki tashi. Ki fita ki sa kayanki, ki tafi gida, da yamma zan yi miki bayani."

"Yashin bai gama zuba ba." Ta nuna agogon yashin da ke bango. "Matar ta ce in ya ƙare ake fita. Ko shi ma an canza?"

"Matar ta tafi kiran manaja! Za ta rubuta ƙara. In ta rubuta, Juma'a ba ni za su ɗauka ba, kin gane? Wata uku ina tashi ƙarfe huɗu. Katin nan lambata ce a jiki. Kuma ba su ma san…"

Ta haɗiye sauran, amma ta makara. Hannun Doña Basilia ya tsaya a kan gwiwa.

"Ba su san me ba?"

Lizeth ta kalli katakon ƙasa. Duwatsun murhu suka yi ɗan ƙara. Uwar ta dube ta tun daga gajeren gashinta da ta yanke tana shekara goma sha bakwai har zuwa safarta, kallon da take yi wa kwastoman da ya miƙo mata kuɗin jabu, ba da faɗa ba, a natse.

"Ashe," ta ce. Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma Lizeth ta gwammace a ce marin ta aka yi.

Ƙofa ta buɗe. Ximena ta tsaya a bakin ƙofa da takalmanta masu tsini, katin baƙo a hannu, Señora Chela na leƙe ta kafaɗarta. Kafin kowa ya buɗe baki Doña Basilia ta sauko daga benci a hankali, tana dafe da bango, ta juya harshe zuwa Sifaniyanci, da irin muryar da take yi wa 'yan sandan kasuwa.

"Ina kwana, Señora. Ki yi haƙuri. Señorita ɗin nan tana cikin yi mini bayanin doka ne."

Suka fito gaba ɗaya zuwa ɗakin canza kaya. Mata uku da suka gama motsa jiki suka yi kamar suna neman wani abu a jaka, ba wadda ta tafi. Ximena ta juya katin.

"Lizeth, wannan lambarki ce. Baƙuwarki ce?"

Kalma ɗaya ce amsar, Lizeth ta san ta tun kafin ta san sunanta. Uwar ba ta jira ta ba.

"Kwastomata ce, Señora. Kullum da asuba tana shan api a wurina kafin ta sauko aiki. Ta ga ina ɗingishi ta ba ni katin, yarinya mai kirki. Kuma ta faɗa mini, ta ce Doña, sai da kayan ninkaya fa. Ni ce mai taurin kai. Tsufa ne, ki yafe."

"Kin ji ko?" in ji Señora Chela. "An faɗa mata, ta yi abin da ta ga dama. Ximena, ni ba ni da matsala da kowa, kin san ni, mai aikina shekara ashirin tana tare da ni kamar 'yar uwa. Amma tsabta ce. Kayan da aka yi yawo da su a kasuwa, a zo a yi gumi a ciki a kan katakon da muke zama? Kuma laifin na wadda ta raba katin ne. Ta san irinsu ba za su taɓa sa kayan ninkaya ba, ko za a yanka su. Yau ɗaya ce, gobe duk kasuwar za ta sauko. Ba ni takarda da biro."

"Chela, tsaya mana," Ximena ta ce, tana murza goshi. Ba muguwar mace ba ce Ximena, ita dai ba ta son hayaniya, kuma duk wanda ya fi ƙarfin murya shi ke da gaskiya a wurinta. "Doka ɗaya ce ga kowa. Baƙuwa ce da kati mai kyau. In da za ta sa kaya irin na kowa, ai magana ta ƙare, ko ba haka ba?"

Señora Chela ta yi 'yar dariya ta hanci. "In ta sa, ni da kaina zan matsa mata a benci. Ba ni biron dai."

Doña Basilia ta dubi bujenta da ke rataye, ta dubi takardar da Ximena ta fara zarowa daga fayil. Ba ta dubi 'yarta ba.

"Wa ya ce ba zan sa ba?" ta ce. "Señorita, na ga kuna sayar da su a gaba, cikin gilashi. Kawo mini ɗaya. Babba. Kada ki kawo mai fure."

"Doña…" Muryar Lizeth ta fito kamar ta wata. "Ba dole ba ne, za ki iya…"

"Ni na ce dole ne? Gwiwa ce ke damuna, yashina bai ƙare ba. Je ki."

Lizeth ta tafi, ƙafafunta ba takalmi, ta wuce zaure, ta buɗe akwatin gilashi. Ta ɗauko mafi girma, shuɗi mai duhu, ta riƙe shi a hannu bai kai nauyin hankici biyu ba. Da ta dawo, uwar ta zura hannu a ƙirji ta ciro ƙullin kuɗinta, ta biya a gaban kowa, ta karɓi abin da yatsu biyu ta ɗaga shi tana dubawa.

"Ina gaban, ina bayan? Señorita, zo ki taimaka wa tsohuwa."

Suka shiga ɗan ƙaramin ɗakin canzawa, Lizeth ta ja labule. Wurin bai isa mutum biyu ba, numfashinsu na haɗuwa.

"Mami, ki bari," ta raɗa da Aymaranci, hawaye na zubo mata. "Ki bari, mu tafi gida. Yanzu zan fita in faɗa musu ko ke wace ce. Su riƙe aikinsu."

"Rufe mini baki."

"Mami, akwai maza a zaure, gilashi ne…"

"Na gan su da na wuce, ba makauniya ba ce ni. Ki faɗa musu, sannan me? Ki dawo ki zauna kusa da ni a Ceja kina firfita gawayi, sanyi ya cinye miki gwiwa kamar ni? Don wannan na yi ta ɗaukar tukunya a baya kina makaranta? Share fuskarki, shashasha. Kwance mini igiyar nan, ta ƙulle."

Lizeth ta kwance. Fatari na farko ya sauka, na biyu ya bi shi, sai rigar sanyi. Shekararta ashirin da huɗu, ɗaki ɗaya suke kwana, amma ba ta taɓa ganin ƙafar uwarta sama da gwiwa ba. Doña Basilia mace ce da ko likita sai da ya haƙura ya duba ta ta saman kaya, ko marigayi mijinta bai taɓa ganin ta tana canza kaya da fitila a kunne ba. Yanzu ga shi duka a gaban Lizeth: jijiyoyi sun kumbura sun murɗe a ƙauri, gwiwoyi sun yi suntum, faffaɗan tabon ƙunar mai a cinyar hagu wanda ba ta taɓa sanin da shi ba, da cikin da ya ɗauki shida aka binne biyu. Fatar da rana ba ta taɓa gani ba fara ce sol, tana tsuma. Lizeth ta ja igiyar kafaɗa ta gyara.

"Ki yafa tawul aƙalla."

Ta yafa. Tawul ɗin gidan nan an yanka shi ne don matan da ba sa cin abinci. Ya zagayo rabi ya tsaya. Doña Basilia ta gwada ta gefe, ta gwada ta gaba, sai ta yi tsaki ta ninke shi ta ɗora a hannu.

"Na zama a kai ne, haka takardarku ta ce ko? Buɗe labulen."

Matan nan uku suka sunkuyar da kai cikin jakunkunansu, wannan karon da gaske. Doña Basilia ta zura silifas, ta ɗaga haɓa, ta kama hanyar baranda. Taku goma sha biyu ne daga ƙofa zuwa ƙofa, Lizeth ta sha ƙirga su tana ɗauke da bokiti. Yau gani ta yi kamar ba za su ƙare ba. Uwar na tafiya da ɗingishinta, ba sauri, idonta a kan ƙofar katako. Wani mai ɗaga ƙarfe ya ɗago ya kalla ya mayar da kai, wani ya taɓa abokinsa. Yawancinsu ma ba su kula ba, don su ba komai ba ne, tsohuwa ce cikin kayan ninkaya. Amma Lizeth na bayanta, tana ganin yadda bayan wuyan uwar ya yi ja har kunne, da yadda hannunta na dama ke ta laluben gefen cinya yana neman abin da zai ja ya rufe.

A bakin ƙofa ta juyo. "Señora, ba za ki zo ba? Kin ce za ki matsa mini."

Señora Chela ta gyara tawul a kafaɗarta. Ta dubi Ximena, ta dubi biron da ke hannunta, ta ajiye shi a kan benci. Ta bi baranda ta shiga, ƙofar katako ta rufe a bayansu.

Ximena ta sauke ajiyar zuciya, ta mayar da takardar cikin fayil.

"Kai! Na zaci yau sai an kira 'yan jarida." Ta dafa kafaɗar Lizeth. "Kin iya da mutane, gaskiya. Ni da ban san ta inda zan ɓullo mata ba. Har da ciniki kika yi mana. Ki zo ofis Juma'a da safe da katin shaidarki, ki sa hannu. Kuma ki nemi takalmanki, kada baƙi su gan ki haka."

Abin da ta yi wata uku tana roƙon Allah ke nan. Ta ce na gode, ta ji kalmar ta fita, ba ta ji komai ba sai ɗaci. Ta je ta sa takalmi, ta dawo teburinta, ta zauna, ta miƙe. Ta je bakin ƙofar katako ta leƙa ta ɗan gilashin. Uwar na bencin sama, a kan tawul, gwiwoyi a haɗe, hannaye a rungume a ƙirji, idonta a kan agogon yashi. Ba ta murza gwiwa, ba ta magana. Señora Chela na can ƙarshen benci ta rufe ido. Lizeth ta koma tebur, ta sake dawowa, ta sake komawa. Minti goma sha biyar ɗin da yashin ke ɗauka sai da uwar ta zauna su cif.

Da ta fito ba ta nemi taimako ba. Ta ja labule, ta daɗe a ciki. Ta fito da fatarinta, ta ɗaura buje, ta yafa mayafi ta soke shi da fil, ta tsaya gaban madubi ta ɗora malfa ta karkata ta daidai. Kayan ninkayan, jiƙe, ta naɗe su a leda ta tura can ƙasan ƙunshinta. Señora Chela na gefe tana shafa mai, wata mata kuma na busar da gashi.

Ta zo gaban tebur ta ajiye silifas ɗin gidan.

"Na gode, señorita. Allah ya ba da sa'ar aiki."

Lizeth ta miƙa hannu kamar za ta karɓi silifas ɗin, ta kama yatsun uwar ta riƙe. Suna da zafi har yanzu. Leɓenta ya motsa. Doña Basilia ta girgiza kai kaɗan, ta zare hannunta, ta juya ta fita.

Akwai taga a ƙarshen ɗakin, mai kallon titi. Lizeth ta je ta tsaya. Ta ga malfar ta fito daga ƙofar gida, ta tsallaka, ta isa inda ake jiran mota. Ƙaramar bas ta zo, mai zuwa tashar motar igiya, ta tsaya, ta tafi. Uwar ba ta shiga ba. Ta zauna a bakin dakali, ta jawo mayafi har hanci, ta sunkuya ta kama bakin bujenta da hannu biyu tana ja ƙasa, tana ja, alhali ya riga ya rufe har takalmi. Bas ta biyu ta zo, ita ma ta wuce.

Wayar tebur ta fara ƙara a bayan Lizeth. Ta bar ta ta yi sau huɗu, sannan ta goge ido da bayan hannu ta je ta ɗauka.